Yadda ake neman rufin mota na hannu wanda zai zauna daidai

Abu uku ne suka fi kawo mana mota da rufi a lotse a nan Damagaram. Ko taya ta fashe a hanyar Gure ko ta Tanut mota ta wuntsila, ko an yi shekaru ana labta mata buhunan gero da jarkoki a ka har gadon bayanta ya sunkuya, ko kuma direba ya yi karo da raƙumi da dare. Na raƙumin ya fi muni, don ƙafafunsa kawai mota take sharewa, gangar jikin sai ta faɗo kan gilashin gaba da goshin rufi. Da farkon damina kuma ba a rasa wanda guguwa ta kayar wa reshen dogon yaro a kan mota.

Sabon rufi daga kamfani, ga irin tsofaffin motocin da muke hawa, ba kasafai ake samunsa ba. In ma an samu, kuɗinsa da na kawo shi sai su sa ka haƙura da motar. Shi ya sa kowa ke komawa ga na hannu, wanda aka yanko daga wata motar da ta mutu. Na haura shekara ashirin ina aikin jikin mota, kuma yawancin asarar da na ga an yi a wannan harka tun wajen saye ake yin ta, kafin mai walda ya kunna wuta.

Abin da muke kira rufi kashi uku ne. Akwai fata, wato fallen ƙarfen da rana ke duka, wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Ƙarƙashinta akwai haƙarƙari, sandunan da suka gitta daga gefe zuwa gefe. Sai firam da ginshiƙai, waɗanda suka riƙe gilasai da ƙofofi. A yawancin motoci ɗigon walda ne ya haɗa fata da firam, jere a cikin ƴar kwatar ruwan da ke gefe da kuma bakin gilasai.

Kayan da za ka riƙe

Mitar awo ta ƙarfe, alli, littafi da biro, babban kwali da almakashi, tocila, tsumma da buta cike da ruwa, sukundireba mai faɗin baki, waya mai kyamara, da ɗan ƙaramin maganaɗisu mara ƙarfi. Kada ka ɗauko na bayan tsohuwar sifika, yana da ƙarfin da zai kama ƙarfe ko ta bayan mastik mai kauri, wato ƙullun da ake cike lotsawa da shi kafin fenti, ya yaudare ka. In babu mita, igiya da ƙulli ta wadatar, amma ba ta roba mai miƙewa ba. Ranar yanka kuma sai zarto ko injin yankan ƙarfe mai faifai, tsofaffin tayoyi biyu, tsohuwar katifa da igiya mai kyau.

1. Ka fara sanin me ya lalace

Kafin ka taka ƙafa kasuwa, ka cire silin ɗin cikin motarka ka leƙa. Sannan ka auna ramin gilashin gaba a gicciye: daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, ka juya ka auna ɗaya ɓangaren. In bambancin awon biyu ya wuce milimita 3, firam ya motsa. Ka yi haka a gilashin baya. Ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, ka ga ko tana gogar sama ko iska na shiga.

In awo ya yi daidai kuma ƙofofi na rufuwa lafiya, fata da haƙarƙari kawai kake bukata, aikinka ya zo da sauƙi. In ginshiƙi ya karye ko ya lanƙwashe, to rufi da ƙafafunsa za ka nema. Kuma in mota ta kife har gindinta ya murɗe, ka tsaya a fara miƙe ta, don rufi mai lafiya ba ya zama a kan jiki karkatacce.

2. Ka karanta motarka da kyau

A nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Mutum zai je ya ce "ina son rufin Corolla ta 97", shi ke nan. Sunan mota da shekara ba sa sayen rufi. Dubi Corolla ɗin ma: samfurin da ake kira E100 ya fito a Japan a 1991, wanda ya gaje shi, E110, ya fito can a 1995, amma bai shiga Turai ba sai 1997. Ka ga ke nan motoci biyu za su iya ɗaukar shekara ɗaya a takarda alhali jikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙari a kan haka, shekarar da ke kan karti-giris, wato takardar mota, sau da yawa ta ranar da aka fara yi wa motar rajista ce, ba ta ƙira ba.

Ni ma na sha wannan ruwan. Wata shekara wani Alhaji ya kawo min Corollarsa da ta kife, na buga waya Kano na faɗi suna da shekara, aka ce akwai, aka ɗoro. Da muka ɗora ni da yarana, baya ya yi kamar zai zauna, amma a goshi ga rata ta yatsa biyu tsakanin fata da firam, kusurwoyin kuma kowace ta kama gabanta. Alhaji na tsaye yana kallo bai ce uffan ba, sai da ya gama jan carbinsa ya ce, "To Malam, wannan hular ta wani ce." Kuɗin mota zuwa da dawowa daga aljihuna ya fita.

Ga abin da za ka rubuta a littafinka.

Lambar sasi. Tun daga 1981 aka daidaita ta a kan harufa da lambobi 17, kuma babu harafin I, O ko Q a ciki, don haka duk abin da ka gani kamar O sifiri ne. Farkonta na faɗa maka inda aka ƙera motar. A Toyota, JT na Japan ce, SB1 ta Ingila, NMT ta Turkiyya, VNK ta Faransa, AHT ta Afirka ta Kudu, MR0 ta Tailan. VF3 kuma Peugeot ce. Wannan na da amfani don mota mai suna ɗaya da aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa Turai ba lalle jikinsu ya zo ɗaya ba. Motocin da aka yi don cikin Japan kawai lambarsu ta fi gajarta, kada ka ɗauka an goge ta ne.

Lambar samfuri. A tsofaffin Toyota tana kan wani ɗan faranti a ɗakin inji, a sababbi kuma a jikin ginshiƙin ƙofa. Za ka ga kamar EE100, AE101 ko CE100. Harafin farko na inji ne, C ɗin ma na mai shan gazuwal ne, wato dizal, kuma rufi babu ruwansa da inji. Duk ukun nan dangin E100 ne. AE111 ko EE111 kuwa ƴan gidan E110 ne, ka bar su.

Siffar jiki. Dangi ɗaya ma ba ya isa. Corolla da Carina E suna da mai but, da mai gangaren baya, da doguwa, kowace da rufinta. Starlet akwai mai ƙofa uku da mai biyar. Hilux akwai mai gida ɗaya, gida da rabi, da gida biyu. Hiace ta fi kowa rikici: doguwa da gajera, mai tudun rufi da mai kwantacce, sannan a samfurin da ya fara fitowa a 2004 akwai mai faɗi da siririya. Ita ma 504 rufin doguwa daban, na gajera daban, na a-kori-kura daban.

Ramuka. Akwai tagar sama ko babu? Eriya a goshi take, a baya, ko a jikin ginshiƙi? Akwai sandunan kaya na kamfani?

Labari mai daɗi guda: gyaran fuskar da kamfani kan yi wa mota a tsakiyar zamaninta, a canza fitilu da bamba, galibi ba ya taɓa rufi. Kada ka ƙi rufi don kawai idanun motar sun bambanta da na taka. Mita ce za ta raba gardama.

3. Awo da kwali

Ka auna tsawon fata ta tsakiya daga bakin gilashin gaba zuwa na baya, da faɗinta a wuri uku: goshi, saitin ginshiƙin tsakiya, da ƙeya. Ka auna nisan kowane rami daga baki. In rufinka ya lotse ƙwarai awonsa ƙarya zai yi maka, sai ka nemi lafiyayyar mota irin taka sak, a tasha ko wajen ƴan taksi, ka roƙi mai ita ka auna tasa.

Sannan ka yanka kwali ya bi lanƙwasar goshin rufi daga gefe zuwa gefe, wani kuma ya bi kusurwar da rufi ya haɗu da ginshiƙin gaba. Kwalin nan ya fi mita gaskiya, don rufi biyu kan zo ɗaya a tsawo da faɗi amma ɗaya ya fi ɗaya tudu.

4. Inda ake nema

Ka fara da gida. Ka zaga garejojin cikin gari, ka tambayi masu fasa motoci da ƴan gwangwan, ka tambayi direbobin tasha, su ne suka san wace mota ta mutu a bayan gidan wa a Mirya, Matamai ko Magarya. Motar da injinta ya buga, ko wadda aka daka ta gaba ko ta baya, ita ce abin nemanka. Amfanin na gida shi ne za ka ga motar a tsaye da idonka, kuma ƙarfen da ya tsufa a busasshiyar ƙasa irin tamu bai cika tsatsa ba. Aibinsa kuma, da wuya ka samu wanda bai taɓa ɗaukar kaya a ka ba. Ka hanzarta, don ƴan gwangwan ba sa ajiye gawar mota, a kilo suke sayar da ita.

In gida ya gagara, sai Maraɗi ko Kano, kowace tafiyar kilomita ɗari biyu da ƴan kai ce. A Kano kasuwar Ƙofar Ruwa ce matattarar kayan mota na hannu. Yamai ta yi nisa, kusan kilomita 900, rufi kuma kaya ne mai cin wuri, sai in motarka irin wadda ba ta da yawa a gabas ce.

In ta waya za ka saya, kada ka karɓi hoto ɗaya. Ka ce a turo maka ta WhatsApp hoton farantin lambar samfuri, hoton mita a shimfiɗe kan rufin lambobinta na fitowa, hoton ciki bayan an cire silin, da bidiyon da aka zaga shi cikin rana. Wanda ya ce "kai dai ka turo kuɗi, ai duk ɗaya ne", ka yi masa sallama. In ka sa dillali, ku yanke la'adarsa tun farko. Ni dai na fi son in biya wa babban yarona kuɗin mota ya je da kwalin a hannu.

5. Duba shi kamar mai sayen rago

Ka je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke kwance. Da tsakar rana kowane rufi kyakkyawa ne. Ka zuba ruwa ka goge ƙurar, ka durƙusa idonka ya yi daidai da fatar, ka kalle ta daga goshi zuwa ƙeya. Duk wani kwari da tudu zai fito. Ka shafa da tafin hannu, hannu na jin abin da ido ya tsallake.

Sai maganaɗisu. Ka naɗe shi a tsumma ka ja shi a hankali ko'ina, musamman kusurwoyi da saman ƙofofi. Inda ya saki, mastik ne a ƙasa. Na taɓa ganin wani rufin Carina mai sheƙi kamar ba a taɓa hawa ba, maganaɗisu na zuwa saman ƙofar direba ya zame ya faɗi ƙasa. Na ce wa mai shi, "Maigida, wannan ai an taɓa shi." Ya rantse haka ta zo. Na sa bakin sukundireba na ɗan ƙwaƙula, sai ga gari fari yana zuba, kaurinsa ya kusa na biskit. Wataƙila da gaskiyarsa, haka ta zo masa. Mastik mai kauri a rufi ba ya jure zafin watan Afrilu da Mayu na garin nan, tsagewa yake, ruwa ya shiga ƙarƙashi.

Ka danna tsakiyar fatar da yatsa. In ta faɗa ta dawo da ƙara kamar murfin gwangwani, ko dai ƙarfen ya miƙe, ko mannin da ya haɗa ta da haƙarƙari ya saki. Na biyun ana gyarawa. Na farkon zai yi ta yi maka ganga a hanya.

Yanzu ka shiga ciki da tocila. Tabon guduma, baƙin wuta, ko walda da ba ta jeru kamar ta kamfani ba, duk alamar tsohon gyara ne. Ka ɗaga robar gefe ka bi kwatar ruwa da sukundireba, ka duba bakin gilasai. Motocin da suka zo daga Turai sun sha gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara, na bakin teku kuma sun sha laima, tsatsarsu a waɗannan lungunan take ɓuya. Ja-jan sama wanda takardar goge ƙarfe za ta ɗauke ba komai ba ne. Wadda ta kumbura fenti ko ta huda bakin da za a yi walda, ka bar musu kayansu. Rufin motar da ta ƙone kuwa ko kyauta kada ka karɓa, wuta ta riga ta kashe ƙarfen.

Daga ƙarshe ka ɗora kwalinka. In haske na wucewa tsakaninsa da ƙarfe, ba naka ba ne.

6. Ciniki da takarda

Ka yi tayi bayan ka gama nuna aibobin, ba kafin nan ba. Ku fayyace abin da ke cikin kuɗin: haƙarƙari, silin, robobin gefe, fitilar ciki da ƴan maƙalansu, da kuma wa zai biya mai yanka. Waɗannan ƙananan in ka bar su sai ka sha yawo kafin ka haɗa su. In a Kano ne, ka tambayi canjin naira da sefa a ranar, kada ka yi lissafi da na makon jiya.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sasin motar da aka yanka, da sharaɗin mayarwa in bai hau ba, a gaban shaida. Rasit ɗin zai yi maka amfani wajen duwan, wato kwastan, da shingayen hanya, kuma zai kare ka in daga baya aka ce motar ta sata ce. In akwai faranti ko takardar lamba a ginshiƙin da za a yanko, a cire a bar wa mai shi. Mota ɗaya da lamba biyu rigima ce.

7. Yanka

Ka tsaya a wurin, kada ka aika. A cire batir in akwai, a jira aƙalla minti biyu, don motocin zamani na da jakar iska naɗe a gefen rufi. A fitar da gilasai, silin da wayoyi. A tabbata babu mai a tanki ko tiriri kusa da tartsatsi.

Doka ɗaya ce: a yanka da tsawo. Ko fata kawai kake so, a yanko ta da firam ɗinta, a sauka a kan kowane ginshiƙi taƙi ɗaya ko fiye, kamar santimita 20. Firam ne zai hana fatar murɗewa a hanya, kuma rarar ƙarfe ana rage ta a gareji, gajere kuwa ba ya tsiro. A yi da zarto ko faifai. Masu fasa motoci sun fi son wutar gas don ta fi sauri, amma zafinta na hawa ya lanƙwasa fatar, ka ƙi. Kada kuma ka bar yaro ya hau kan rufin da gwiwa don ya kai ɗaya gefen.

8. Kawo shi gida

Rufi da yawa lafiya ake sayensu, a hanya suke mutuwa. A shimfiɗa tayoyi da katifa, a ɗora shi a kai, igiya ta bi ta guntayen ginshiƙai, kada ta ratsa tsakiyar fata. A ɗaure goshin sosai don iska na shiga ƙarƙashi ta ɗaga shi. In a saman motar haya za a ɗora, ka biya kuɗin wurin gaba ɗaya, ka gaya wa kamasho da bakinka cewa ko buhun barkono kada a aza a kai, in ba haka ba kafin Matamai an mai da shi faranti. A cikin gari amalanke ya fi a-daidaita.

9. In ba a samu irinsa sak ba

Rufi mara taga yana hawa motar da ke da tagar sama, in dangi da siffa ɗaya ne, amma ka taho da haƙarƙarinsa da silin ɗinsa. Ni har na fi so, a ƙurar garin nan bututun ruwan tagar toshewa suke su jiƙa silin. Akasin haka kuma, sayen mai taga a toshe ramin da faci, ba na ba da shawara, facin yakan nuna ko bayan fenti. Ramin eriya ƙarami ne, ana hudawa ana toshewa. In goshi kawai ya lalace, ana iya sayen rabin gaba a haɗa a saitin haƙarƙari, amma sai gwanin da zai yi walda ɗigo-ɗigo yana barin ƙarfe na hucewa. Launi kada ya dame ka. Lambar fentinka na kan farantin lambar samfuri, a Toyota 040 fari ne, 202 baƙi, 1C0 ruwan azurfa.

10. Gwaji kafin wuta

Kada a taɓa tsohon rufin sai sabon ya iso gareji an sake auna su gefe da gefe. In fata kawai za a canza, a huda ɗigon walda ɗaya bayan ɗaya da bakin huda na milimita 8, a bar firam ɗin motarka yadda kamfani ya yi shi. Wasu motocin Jamus na baya-bayan nan ba su da ɗigo, layi ɗaya ne siriri na walda, nasu sai an bi da faifai a hankali. In har da ginshiƙai ne, a fara tokare cikin motar da ƙarafa a gicciye don kada ta buɗe, a yanka fallen ciki da na waje a tsayi daban-daban, a sa ƙarfe a ciki ya riƙe mahaɗin. Ginshiƙin tsakiya na sababbin motoci ƙarfe ne na musamman wanda zafi ke raunanawa, ba a datse shi a tsakiya a haɗa da wutar kabaid. Shi ne zai riƙe rufin a kan mutane in ta sake kifewa.

A ɗora rufin a kama shi da filaya masu kullewa, a rufe ƙofofi duka, a ɗora gilashin gaba da na baya a bushe a ga sun kwanta ko'ina. Sai an ga haka za a ɗiga walda a kusurwoyi huɗu, a sake awon gicciye, sannan a ci gaba. Bayan an gama a shafa maganin tsatsa ciki da waje, a cike kwatar gefe da manni.

Kafin a mayar da silin, ka sa yaro ya zauna ciki da tocila, kai kuma ka yi ta kwarara bokitin ruwa a kan rufin, ta kwata, ta bakin gilasai, ta ramin eriya. Inda ya ga ɗigo ya zana da alli a gyara a sake zubawa. Fenti kuma in lokacin hunturu ne a yi shi da sassafe a rufaffen wuri, a yayyafa wa ƙasa ruwa tukuna don ƙura ta kwanta.